Silver Cloud da Bentley S: mota ɗaya ce aka canza wa fuska ko kuwa?

Sadiq_Motoci:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu son tsofaffin motoci. Don Allah ina da tambaya, kuma ina so waɗanda suka san abin da gaske su amsa min. Kwanan nan na nutsu ina kallon hotunan Rolls-Royce Silver Cloud, wadda aka fara yi a Ingila a 1955, gaskiya ni dai ban taɓa ganin mota mai kwarjini irin nata ba, doguwar gaba, ga bayan nan ya zubo a hankali, tana tsaye ma sai ka ga kamar tafiya take. To sai na ci karo da hoton Bentley S1 ta shekarar ɗaya, na ajiye su gefe da gefe, wallahi in ka rufe ragar gaban da hannunka ba za ka iya cewa wannan ce Rolls wannan ce Bentley ba, ƙofofi ɗaya, gilasai ɗaya, but ɗaya, har kujerun ciki.

Abin da ya ɗaure min kai kenan. Ni a sanina Rolls-Royce mota ce da ake ƙera wa kowane mai kuɗi tasa daban da hannu, yadda yake so, to ya aka yi har aka wayi gari suna buga bodi iri ɗaya suna maƙala masa suna biyu? Wannan ba ragin daraja ba ne? Kuma in haka ne me mutum yake saye, motar ko sunan? Na biyu, na ga akwai Cloud I da II da III, wacce ce a cikinsu masana suka fi girmamawa kuma me ya sa. Na gode, Allah ya ƙara ilimi.

Baba Ɗan Gareji:

Wa alaikumus salam Sadiq. Idonka bai yaudare ka ba yaro, mota ɗaya ce, masana'anta ɗaya a garin Crewe, ma'aikata ɗaya, inji ɗaya. Amma kafin ka kira shi ragin daraja sai ka san halin da Ingila take ciki lokacin da aka yanke wannan shawara, don in ba ka san wannan ba ba za ka fahimci motar ba sam.

Da farko Bentley ai tun 1931 ta zama mallakin Rolls-Royce. W.O. Bentley ya kafa kamfaninsa a 1919, motocinsa suka yi ta cin tseren Le Mans a Faransa, 1924 sannan 1927 har 1930 a jere, amma cin tsere ba ya biyan bashi, tattalin arzikin duniya ya karye, kamfanin ya durƙushe, Rolls-Royce ta saye shi. To daga nan duk Bentley da ka gani 'yar gidan Rolls ce.

Abin da ka ce na ƙera wa kowa tasa, haka ne, amma kafin yaƙin duniya na biyu. A wancan zamanin Rolls-Royce ba ta yin bodi ko ɗaya. Abin da take sayar maka shi ne shasi da inji da giya da lagireto, shi kenan, sai ka kai wa masu ƙera bodi irin su Hooper ko Park Ward ko H.J. Mulliner ko James Young, su haɗa firam na katako su lulluɓe shi da alminiyam da aka buga da guduma, wata da watanni ana aiki. Da yaƙi ya zo a 1939 aka daina motoci gaba ɗaya aka koma injin jirgin sama, wannan injin Merlin da ke cikin jiragen yaƙi Spitfire da Hurricane da Lancaster, ita kanta masana'antar Crewe saboda shi aka gina ta a 1938. Da aka gama yaƙi sai aikin jirgi ya zauna a garin Derby, motoci suka koma Crewe.

To yanzu duba Ingila ta 1946. Ƙasa ta ci yaƙi amma bashi ya yi mata katutu, abinci da kati ake raba shi, man fetur ma da kati har zuwa 1950, ƙarfe kuwa gwamnati ce ke rabawa kuma wanda ya fi fitar da kaya waje ya kawo dala shi ake ba kaso mai tsoka. A 1947 aka ninka harajin saye a kan duk motar da ta haura fam 1,000. Manyan gidajen da a da suke da direba da masu hidima haraji ya cinye su, ƙwararrun masu bugun bodi da yawa sun watse, waɗanda suka rage kuma aikinsu ya yi tsada ya yi jinkiri. Mai saye a Amurka ba zai zauna yana jiran wani a Landan ya gama feƙe katako ba, so yake ya shiga shago ya ga mota ya biya ya tuƙa abinsa. In da Rolls-Royce ta nace a kan tsohuwar hanya da ta bi sahun kamfanonin alfarma da yawa da suka mutu a shekarun nan.

Shi ya sa suka je wurin kamfanin Pressed Steel da ke Cowley kusa da Oxford suka ce a buga musu bodin ƙarfe a inji, su kuma a Crewe su yi fenti da kujeru da katako. Kuma ka lura da wayon da suka yi, ba su fara gwada abin da sunan Rolls-Royce ba, da Bentley suka fara, Mark VI ta 1946, don in abin bai karɓu ba babban sunan bai taɓu ba. Da ya karɓu sai a 1949 aka fito da Silver Dawn, bodi ɗaya da fuskar Rolls, kuma da farko ƙasashen waje ake kai ta. Ƙarfen shekarun nan ba shi da kyau, shi ya sa Mark VI ta yi ƙaurin suna wajen tsatsa, wannan kam ba a ɓoye shi.

Silver Cloud da S1 na 1955 su ne karo na farko da aka zauna aka zana sabuwar mota tun daga tushe da sanin cewa a haka za a ci gaba. Saboda haka ni a wurina ba ragin daraja ba ne, dabarar da ta sa sunan ya rayu ce. Kuma kamfanin bai taɓa ɓoyewa ba, tallar da David Ogilvy ya rubuta musu a Amurka a 1958, wadda ta ce in kana gudun mil 60 a awa ƙarar da ta fi kowacce a cikin motar ta agogon lantarki ce, a cikinta ƙarara aka faɗa cewa in ban da lagireto, wato ragar gaban nan, motocin biyu ɗaya ne, wanda yake jin nauyin a gan shi a Rolls sai ya sayi Bentley. Kuma mutane sun yi hakan, S1 an yi sama da 3,000, Cloud I kuwa sama da 2,000 ne kawai, don a Ingila ta lokacin masu kuɗi da yawa ba sa son a nuna su da yatsa. Sai daga baya da kasuwar Amurka ta yi ƙarfi abin ya juya Rolls ta wuce gaba.

Injiniya_Mukhtar:

Baba Allah ya ƙara girma, tarihin nan ba abin da zan ƙara a kai. Amma ku yi haƙuri ni ta ɓangaren inji nake kallon abu kuma a nan ina da ja. Ana yawan kiran motar nan wadda ta fi kowacce a duniya, to a 1955 ɗin fa? A watan Oktoba na shekarar Citroën ta fito da DS a Paris, da birkin faifai a gaba, da tsarin mai da iska da ke daidaita tsayin motar da kanta, Jaguar kuma tun 1953 ta ci Le Mans da birkin faifai. Ita Cloud mai nauyin kusan tan 2 da birkin ganga ta fito a ƙafa huɗu, kuma a haka ta ƙare har 1965 ba a canza ba. Abin da ke ƙara wa birkin ƙarfi ma wani faifai ne da giya ke juyawa, dabarar da suka karɓo daga kamfanin mota na Hispano-Suiza tun shekarun 1920, yana aiki sosai in kana gudu amma in kana rarrafe a wajen fakin sai motar ta ɗan gangara kafin ya kama, duk wanda ya san motar ya san wannan.

Injin kuma silinda 6 a jere, cc 4,887, bawul ɗin shiga a sama na fita a gefe, zuriyarsa tana komawa har kan Rolls-Royce Twenty ta 1922, ɗan uwansa ne sojojin Birtaniya suke amfani da shi a motar sulke Ferret. Giyar otomatik ɗin ma Hydramatic ce ta General Motors, lasisi suka karɓa suna yi a Crewe. Baya sifirin mai ganye ne da aksul guda. Mujallar The Motor ta gwada ta a 1956 ta samu gudun mil 103 a awa, kuɗinta da haraji ya haura fam 5,000 a lokacin da matsakaicin gida a Ingila bai wuce wajen fam 2,000 ba. To ni tambayata, da wannan kuɗin ba ya kamata a ce fasaha ce ta gobe ba? Su da kansu ai sun amsa, don da Silver Shadow ta zo a 1965 sun jefar da shasi daban, sun sa birkin faifai, kuma tsarin daidaita tsayin motar a wurin Citroën ɗin suka karɓi lasisinsa. Ina son motar fa kada a fahimce ni ba daidai ba, amma tsohuwa aka haife ta.

Baba Ɗan Gareji:

Injiniya duk abin da ka lissafa gaskiya ne, ba na musu. Sai dai su a Crewe ba sa sa abu don sabo ne, sai sun tabbatar ba ya ƙara kuma ba ya mutuwa. Birkin faifai na farko-farko yana ƙugi yana cin fata da wuri, a motar tsere ba wanda ya damu, a motar da aka yi alkawarin shiru kuwa matsala ce. Kuma shasin nan daban da kake gani tsohon yayi shi ne yake raba fasinja da ƙarar titi, shi ne kuma ya bar wa masu bugun bodi ƙofa. Ka tambayi kanka DS nawa ta 1955 ke tafiya yau ba a sake mata hanji ba, Cloud nawa kuma.

Ummu_Hanan:

Sannunku da ƙoƙari Baba da Injiniya. Ni zane ne ya jawo ni wajen motar nan kuma na ga ba wanda ya ambaci mutumin da ya zana ta, John Blatchley. Kafin yaƙi yana aiki ne a Gurney Nutting, ɗaya daga cikin gidajen bodi da suka fi iya kwalliya a Landan, wato ya taso a cikin aikin hannu, sai ga shi an ce ya zana motar da injin matsa ƙarfe zai buga dubbai. Abin da ya burge ni shi ne bai bar injin ya yi masa iyaka ba. Sadiq koma ka kalli hoton daga gefe, akwai layi da ya taso daga saman tayar gaba ya gangaro ta ƙofofi yana sauka a hankali, kafin ya ɓace sai wani ya kumburo a kan tayar baya ya ɗauke shi. A motocin kafin yaƙi waɗannan fuka-fukan taya ne daban da ake ɗaurawa, shi sai ya narkar da su cikin jikin motar ya bar inuwarsu kawai. Shi ya sa fenti kala biyu yake zama mata daram, layin ya riga ya nuna inda kala ɗaya za ta tsaya ɗaya ta fara. Motar ta fi mita 5 tsawo amma ba ta yi kama da akwati ba, don rufin ya ɗan matse ta baya kuma gilashin gaba a lanƙwashe yake.

Game da ragar gaba da ka ce ka rufe da hannu, kada ka raina ta fa ƙanena, kusan ita kaɗai ce bambancin amma ba ƙaramin aiki ba ce. Siffar ginin ibadar Girkawa da Rumawa na da aka ɗauko, ginshiƙai a tsaye da rufi mai kusurwa. Da ƙarfen da ba ya tsatsa ake yi, da hannu, ana haɗa gaɓoɓin da dalma, kuma fuskokin da kake gani a miƙe ba a miƙe suke ba, an ɗan kumbura su kaɗan don in aka yi su shafal ido zai ga kamar sun lotsa, dabarar da magina Girkawa suka yi wa ginshiƙansu kenan. A samanta ga 'yar mutum-mutumin nan Spirit of Ecstasy da Charles Sykes ya sassaƙa a 1911. Ta Bentley kuwa zagayayya ce mai laushi da harafin B mai fuka-fuki, ta fi sauƙin yi shi ya sa kuɗinta ya ɗan yi ƙasa, kuma gaskiya ni ina ganin ta fi dacewa da lanƙwasar jikin motar, ta Rolls kamar tana tsaye ita kaɗai tana ba da umarni, amma wannan ra'ayina ne.

Ciki kuma nan ne aikin hannun ya koma ya ɓuya. Fatar kujeru ta Connolly, kafet na Wilton, gaban direba da saman ƙofofi katakon walnut ne, ana yanka shi siriri a buɗe gida biyu yadda zanen dama zai zama madubin na hagu, a bayan kujerun gaba akwai 'yan tebura da ake saukewa. Ƙofofi da bonet da murfin but na alminiyam ne don rage nauyi, bonet ɗin ma gida biyu ne yana buɗewa ta gefe-gefe kamar na da. Saboda haka cewa an daina aikin hannu bai cika daidai ba, fatar waje ce kawai aka miƙa wa inji.

Wanda kuma yake da kuɗin da haƙurin jira har lokacin zai iya sayen shasi tsirara ya kai a yi masa nasa. Daga nan aka samu Bentley Continental masu ƙofa biyu, da Flying Spur mai ƙofa huɗu da H.J. Mulliner ya fara a 1957, da masu buɗaɗɗen rufi. Amma abin tausayi shekarun Cloud ɗin su ne shekarun da sana'ar ta mutu, Hooper ya daina bodi a 1959, a shekarar Rolls-Royce ta sayi H.J. Mulliner, ta haɗe shi da Park Ward da ta mallaka tun 1939 suka zama Mulliner Park Ward a 1961. Wani ɓangare na dalilin shi ne bodin Blatchley ya yi kyau har mutane suka daina ganin amfanin biyan ƙari.

Sadiq_Motoci:

Kai, Allah ya saka da alheri Baba, Injiniya, Anti. Na koma na kalli layin gefen nan da kika ce, yanzu na gan shi sarai. Maganar Injiniya ma ta shige ni, don na ɗauka mota mafi tsada dole ita ce mafi sabuwar fasaha. Saura tambayata ta biyu, I ko II ko III? Na ga wasu suna cewa mai fitila huɗu ta ɓata fuskar, wasu kuma sun ce ita ce ta fi daɗin tuƙi.

Injiniya_Mukhtar:

To a nan sai ka zaɓi abin da ka fi so. Cloud I, 1955 zuwa 1959, ita ce mai silinda 6, ita ta fi shiru da santsi kuma bakanike yana ganin komai in ya buɗe bonet, har feda gare ta da direba zai taka ta tura mai zuwa gaɓoɓin shasi. Sitiyari mai taimakon mai da na'urar sanyaya ciki sai a 1956 aka fara bayarwa ga wanda ya nema, saboda haka na farko-farkon suna da nauyin juyawa.

Cloud II ta 1959 a waje kusan ba ka bambanta ta da ta farko, amma a ciki an sa injin V8 mai silinda 8 na alminiyam mai cc 6,230, saboda a Amurka Cadillac da Lincoln duk V8 suke da shi kuma silinda 6 ɗin ya kai iyakar girman da za a iya faɗaɗa shi, ga na'urar sanyi da sitiyari suna cin ƙarfi. Matsalar ita ce an zana wurin injin ne don dogo siriri, sai aka cusa mai faɗi, har canza fulogi na gefe ɗaya sai an cire tayar gaba an buɗe wani murfi ta cikin ramin tayar. Kamfanin ba ya faɗin ƙarfin doki nawa injin yake da shi, in aka tambaya sai su ce isasshe ne. Amma a nan dole in sara musu, wannan V8 ɗin an yi ta gyara shi ana faɗaɗa shi ya kai lita 6.75, aka sa masa turbo mai ƙara ƙarfi, bai bar aiki ba sai 2020 a cikin Bentley Mulsanne, sama da shekara 60 kenan. Ya ga karyewar kamfanin a 1971 saboda injin jirgi RB211, ya ga zamanin da kamfanin Vickers ya mallaki motocin, ya ga 1998 lokacin da Volkswagen ta ɗauki Crewe da Bentley, BMW kuma ta ɗauki sunan Rolls-Royce ta je ta gina sabuwar masana'anta a Goodwood, wato tagwayen da kake tambaya a kansu yanzu ma ba gida ɗaya suke ba.

Cloud III an nuna ta a ƙarshen 1962, fitilu huɗu, an rage tsayin ragar gaba da wajen inci ɗaya da rabi, bonet ya ɗan sunkuya yadda direba zai fi ganin hanya, an ƙara wa injin ƙarfi, sitiyarin ya fi sauƙi, kujerun gaba aka raba su. A tuƙi ita ce gaba, ba tantama, kuma ita ce ta ƙarshe a jerin da ke da shasi daban, in ka cire manyan Phantom na sarauta da suka ci gaba a haka.

Ummu_Hanan:

Ni dai Cloud I, ko ma S1 in an bar ni in zaɓa. Fitila ɗaya kowane gefe ita ce fuskar da Blatchley ya fara zanawa, fuka-fukan gaba suna zagaye fitilar su ƙare a kanta, a ta III kuwa sai da aka faɗaɗa wurin don fitilu biyu su shiga, yayin Amurka ne na shekarun, ya yi amfani da dare amma ya ɗan taushe goshin motar. Sai dai Sadiq in kana duba hotunan waɗanda ake sayarwa yanzu ka riƙa lura, akwai Bentley S da yawa da aka cire wa raga da bonet aka sa na Rolls don a ƙara kuɗi, tunda komai yana shiga daidai. Lambar shasi ce kawai ke tona asiri, don jerin lambobin Bentley daban na Rolls daban, kuma takardun ginin kowace mota na Crewe suna nan a ajiye a Ingila, ana iya dubawa a ga da wane suna da wace kala ta fito daga masana'anta.